Ruwa Ne Ke Cinye Hanyoyin Duwatsun Kudancin Kaduna

Wanda ya taso daga garin Kaduna ya bi ta Kujama da Kasuwan Magani ya nufi Kachia zai lura ƙasa tana sauya kama a hankali. Shimfiɗaɗɗen filin nan da aka saba gani a wajajen Zariya yakan fara tattarewa, duwatsu su riƙa leƙowa ta dama da hagu. Kafin ya bar Zonkwa da Samarun Kataf ya isa Kagoro, sai ya iske dutse ya tokare masa gaba, dutsen da tsayinsa ya haura mita 1,200 daga doron teku. Gefen tsaunukan Jos ne ya gangaro cikin jiharmu, tun daga Lere da Kauru, ya ratsa Zangon Kataf da Kaura, ya sauka Jema'a da Sanga. A gindin waɗannan duwatsu da jikinsu akwai ƙauyuka barjat: na Atyap da Agworok da Asholio da Bajju, na Kurama da Gure da Kahugu da Chawai, ga rugagen Fulani, ga tsofaffin unguwannin Hausawa da suka kafu tun zamanin fatake. Kowa da harshensa a gida, amma a kasuwa da tasha Hausa ce ke haɗa su.

Babban titi bai shiga yawancin waɗannan ƙauyuka ba. Abin da ya haɗa su da shi siririyar hanya ce, wani wurin kwalta, wani wurin burji, wadda ke bin gindin dutse tana tsallake rafi bayan rafi. A takarda, da yawa daga cikin irin waɗannan hanyoyi na gwamnatin jiha ne, kuma a nan matsalar take farawa.

Hanyoyin Najeriya kashi uku ne. Akwai na tarayya, irin wadda ta tashi daga Kaduna zuwa Kachia ko wadda ta bi ta Pambegua da Saminaka ta hau Jos, waɗanda ma'aikatar ayyuka ta Abuja da hukumar gyaran titunan tarayya ta FERMA, da aka kafa a 2002, ke da alhakinsu. Akwai na jiha, waɗanda a Kaduna ma'aikatar ayyuka da hukumar kula da hanyoyin jiha ta KADRA ke riƙe da su. Sai na ƙananan hukumomi, waɗanda su ne mafi yawa kuma mafi lalacewa. Titin tarayya in ya lalace yana da masu yi masa kuka, domin sanata na binsa, direbobin tirela na binsa, 'yan jarida na binsa. Hanyar jiha da ke cikin birni ma tana da gata, don gwamna da kwamishinoninsa a kanta suke wucewa. Amma hanyar jiha da ta kewaya bayan dutse ta fi ƙarfin aljihun ƙaramar hukuma, ba ta kai Abuja ta san da zamanta ba, kuma ta yi wa gidan gwamnati nisa. Jihar tana da ƙananan hukumomi 23 a faɗin ƙasa mai kusan murabba'in kilomita 46,000, kowace tana miƙo hannu. Idan aka zo rabon kasafin kuɗi, kilomita ɗaya a cikin duwatsu ta fi kilomita ɗaya a fili tsada nesa ba kusa ba, mutanen da za ta amfana kuma ba su kai na unguwa guda a Rigasa ba. Ɗan siyasa ya iya wannan lissafi ko da bai taɓa shiga aji ba.

Yana da kyau a tuna yadda aka yi mutane suka zauna a wuraren da mota ke shan wahalar kaiwa. Ba sha'awa ce ta kai su kan dutse ba. A ƙarni na 19, lokacin da hare-haren neman bayi ke fitowa daga Zazzau da garuruwan da ke ƙarƙashinta, dutse shi ne ganuwa, wuyar hawansa kuma ita ce tsaro. Wannan tarihi ne da ya kamata mu Hausawa mu faɗe shi ba tare da kewaye-kewaye ba. Da Turawa suka zo sai suka riƙa matsa wa jama'a su sauko gindin dutse inda za a iya ƙirga su a karɓi haraji. Hanyoyin da suka shata kuwa ba don haɗa ƙauye da ƙauye ba ne, don fitar da kaya ne. Kuza na Jos, jirgin ƙasa na jiranta, shi ya sa Kafanchan ta zama mahaɗar layin dogo tun wajajen 1927 ta kuma zama gari. Duk ƙauyen da bai faɗo a kan wannan layi ba ya ci gaba da zama da turbar ƙafa. Hanyoyin jiha na yau yawancinsu waɗannan turbobi ne aka faɗaɗa, ba wani injiniya ne ya zauna ya zaɓi inda ya fi dacewa ba.

To amma me ke kashe su? Jama'a kan ce ɗan kwangila ne ya ci kuɗi ya shafa kwalta kamar fenti, kuma sau da yawa gaskiyarsu ce. Sai dai ko kwaltar kirki aka zuba, a ƙasar duwatsu ruwa ne ke yanke hukunci. Kudancin Kaduna na samun ruwan sama kimanin milimita 1,500 a shekara, wani wurin fiye da haka, alhali wajajen Zariya bai cika wuce 1,100 ba, kuma damina takan ja daga Afrilu har Oktoba. A fili, ruwa yakan sauka ya bazu, ƙasa ta sha abin da za ta sha. A kan dutse babu abin da zai sha shi. Gaba ɗayansa yake gangarowa da gudu, ɗauke da yashi da tsakuwa da karan masara, abu na farko da zai tarar ya gitta masa a gindin dutse kuwa shi ne hanya. In an yi mata magudana a gefen da ke jikin tudu, an kuma saka kwalbati mai faɗin da zai ɗauki ruwan ya fitar da shi ta ƙarƙashi, sai ya wuce abinsa. In ba a yi ba, ko an yi amma ta cushe, ruwan zai nemi hanya da kansa, kuma a kan titin zai same ta.

Abin yana tafiya daki-daki, kuma duk wanda ke bin waɗannan hanyoyi ya gani da idonsa. Ruwan farko na Afrilu yakan kwaso tarkacen rani ya danna a bakin kwalbati: ganye, leda, reshen itace, yashi. Babu wanda ya zo ya yashe. Ruwa na biyu ya zo ya tarar da ƙofa a rufe, sai ya taru ya kwanta a gefen hanya. Kwanciyar nan ita ce mugun abu, domin ƙarfin titi ba a baƙar fatar sama yake ba, yana cikin jar ƙasa da tsakuwar da aka daddaɓe a ƙasanta. Da zarar sun jiƙa sun yi laushi, mota ta taka, kwalta ta lotsa ta tsage. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: ruwa ya bi tsagar ya ƙara jiƙa cikin, rami ya buɗe. A ɗaya gefen kuma, inda ruwan ya tsallake titi yake zubowa gangare, yana zaizayar kafaɗar hanya yana cin ta daga ƙasa, har ka ga kwalta ta yi baki tana lilo, babu komai a ƙarƙashinta. Kafin marka ta wuce a watan Agusta ko Satumba, dare ɗaya ruwa zai ɗauke kwalbatin da kansa, a wayi gari hanya ta rabu biyu, kwazazzabo a tsakiya. Aikin da mutum biyu da shebur za su gama kafin azahar a watan Maris ya zama aikin katafila da siminti da rodi, wanda sai an sa shi a kasafin kuɗin baɗi, in an sa.

Manyan motoci na ƙara wa abin gishiri. Injiniyoyi sun daɗe da gano, tun gwajin da aka yi a Amurka a ƙarshen shekarun 1950, cewa ɓarnar da taya ke yi wa titi ba daidai da nauyi take ƙaruwa ba. In ka ninka nauyin da ke kan ƙafar mota sau biyu, ɓarnar takan ninka kusan sau 16. Ke nan tifa ɗaya da aka yi wa lodin yashi ko dutse fiye da ƙima ta fi dubban ƙananan motoci illa. Hanyar da aka gina don akori-kura da bas, ranar da babban titi ya lalace ko aka datse shi, sai tireloli su karkato kanta, babu sikelin awo, babu mai cewa uffan.

A bakin irin wannan karyayyen wuri ne mutum zai ga yadda jama'a ke biyan kuɗin sakacin da ba su suka yi ba. Akori-kura ta taho da buhunan citta ta tsaya. Samarin ƙauye suna nan sun naɗe ƙafar wando, don wurin ya zama musu wajen neman abinci. "Direba, rage lodi, in ba haka ba a nan za ka kwana," in ji ɗayansu. A sauke buhu-buhu, a ɗauka a ka a tsallaka, a tura motar wayam tana hayaƙi tana watsa taɓo, a sake lodawa a ɗaya gefen. Babur kuwa mutum huɗu ke cicciɓarsa a sanda. Tsohuwa ta tsaya da ƙullin kayanta tana duban ruwan, wani yaro ya durƙusa ya ce, "Mama, hau bayana, kawo kayan." Kowane mataki da kuɗinsa, kuma ba za ka zargi yaran ba, aiki suka yi. Amma direba zai ɗora a kan kuɗin mota, ya haɗa da na safirin da ya karye da na mai faci, dillali kuma zai cire daga farashin da zai ba manomi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan lissafi ya ƙara muni, domin motar da ke tafiya a giya ɗaya tana hawa tana gangara ta fi shan mai.

Wannan yanki ba yankin da ba ya haifar da komai ba ne, kuma abin da ke ƙona rai ke nan. Najeriya na cikin ƙasashen da suka fi noman citta a duniya, kuma mafi yawanta daga Kachia da Jaba da Kagarko da maƙwabtansu take fitowa, har ta kai Indiya da ƙasashen Larabawa da Turai. Saminaka kowa ya san ta da masara. Ga acca da doya da gwaza da waken soya da rake. A 2023 wata cuta ta faɗa wa gonakin citta ta ruɓar da amfanin shekara kusan ɗungurungum, manoma da yawa har iri suka rasa. Mutumin da ke ƙoƙarin miƙewa daga wannan faɗuwa shi ne kuma ake cire wa kuɗin hanya sau biyu: taki da iri su iso masa da tsada, amfanin gona ya bar hannunsa da araha. Inda motoci goma ke iya shiga ranar kasuwa, manomi na da bakin cewa albarka. Inda mota ɗaya ce tak ta yi kasadar shigowa, abin da mai motar ya taya shi ne farashi.

Akwai kuma asarar da ba ta shiga lissafin kasuwa. Mace mai naƙuda da haihuwa ta zo mata da gardama, asibitin da ke da likita da jini yana Kafanchan ko Saminaka ko Kachia, rafi kuma ya kawo. Malamin makarantar da aka tura ƙauyen bayan dutse yakan kama haya a bakin titi, ya riƙa zuwa ranar da gari ya yi kyau. Ma'aikaciyar rigakafi da akwatin ƙanƙararta ta juya. Haka nan batun tsaro. Shekarun nan Kajuru da Kauru da Zangon Kataf da Kaura sun sha hare-hare, kuma maharan a kan babur suke ko a ƙafa, lalacewar hanya ba ta dame su ba. Motar jami'an tsaro ita ce ke maƙalewa. Hanya ba za ta warware rikicin ƙasa da na kiwo da tsohuwar gaba ba, kada wani ya yaudare mu da haka, amma tazarar da ke tsakanin kiran waya da isowar agaji hanya ce ke yanke ta.

Ba yau aka fara ƙoƙari ba. A zamanin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, kowane yanki na hanya yana da leburorinsa, da diga da shebur da kwando, aikinsu cike rami da yashe magudana. Tsarin ya samo asali daga aikin tilas na zamanin Turawa, wanda zalunci ne, babu mai fatan ya dawo. Amma akwai abu ɗaya a cikinsa da muka yar tare da sharrinsa: an san wanda za a tambaya in wuri kaza ya lalace. Bayan gyaran tsarin ƙananan hukumomi na 1976 wannan ya shiririce sannu a hankali. A 1986 gwamnatin Babangida ta kafa hukumar raya karkara ta DFRRI, ta yanka hanyoyin burji masu yawa a karkara, da hukumar ta mutu aka bar wa ƙananan hukumomin da ko gireda mai aiki ba su da ita. Hukumar PTF mai kula da rarar kuɗin man fetur ta zo a zamanin Abacha ta gyara abin da ta gyara ta wuce. Mutanen karkara da yawa har yau suna ambaton gwamnatin Ahmed Makarfi, daga 1999 zuwa 2007, da hanyoyin da ta shimfiɗa, sai dai titin da ya shekara ashirin babu kulawa ya riga ya cinye wa'adinsa. Gwamnatin Nasir El-Rufai ta zuba ƙarfinta a sabunta birane daga 2019, Kaduna da Zariya da Kafanchan suka samu tituna, kuma birane na buƙatarsu. Gwamna Uba Sani tun hawansa a 2023 yake cewa karkara ya sa a gaba. Kowace gwamnati da abin da za ta nuna. Abin da ya haɗa su shi ne kuɗin ginawa na samuwa, na kulawa ba ya samuwa, domin sabon titi ana yanka masa kyalle a gaban kyamara, yashe kwalbati kuwa babu wanda zai ɗauka hoto.

Abin mamaki shi ne a Kaduna aka gwada maganin. A 2008 Bankin Duniya ya amince da rancen dala miliyan 60 don shirin hanyoyin karkara da ake kira RAMP, kuma jiharmu ce ta fara. Shirin ya yi abu biyu da suka dace da ƙasar duwatsu. Ya ware kaso na musamman don mashigan ruwa, aka gina ƙananan gadoji da kwalbatoci fiye da ɗari, bisa fahimtar cewa hanyar burji mai kyakkyawar gada ta fi kwalta mai karyayyen kwalbati amfani. Sannan ya gwada kwangilar da ba a sallamar ɗan kwangila ranar da ya gama shimfiɗa, sai ya ci gaba da riƙe hanyar na wasu shekaru, a riƙa biyansa gwargwadon yadda aka same ta in an zo dubawa. Ɗan kwangilar da ya san shi zai gyara in ruwa ya ci ba zai yi rowar siminti a magudana ba. Amma shiri ne mai wa'adi, da kuɗin rance. Da wa'adin ya cika, nauyin kulawa ya koma kan kasafin jiha da na ƙananan hukumomi, inda albashi ke cinye kusan komai.

Wasu za su ce talauci ne, jiha ba ta da kuɗin da za ta bi kowane lungu. Gaskiya ne ba ta da shi, shi ya sa ma nake ganin kuskure ne a riƙa auna hanyar karkara da kwalta. Ƙauyen da motocin da ke shigarsa a yini ba su taka kara sun karya ba, ba kwalta ce buƙatarsa ta farko ba. Buƙatarsa ita ce mota ta iya shiga a watan Agusta. Kuɗin da zai shimfiɗa kwalta a 'yan kilomitoci kaɗan ya ƙare a tsakiyar daji zai iya gina mashigan ruwa na hanyar gaba ɗayanta, a zuba kankare ko a jera dutse a wuraren hawa masu santsi, sauran a bar shi burji ana bi da gireda bayan kowace damina. Dutse kuwa ga shi nan a wurin, ba sai an sayo ba, magina ma akwai su a kowane ƙauye. Na san wannan magana ba ta da daɗin ji ga wanda ya daɗe yana jiran kwalta, kuma yana da hujjar cewa me ya sa na birni za a ba shi kwalta shi a ba shi jar ƙasa. Amma alƙawarin kwaltar da ake sabuntawa duk shekara huɗu ya hana ƙauyuka da yawa samun gadar da tuni an gina.

Dole kuma a faɗi cewa hanya tana shigowa da abin da ba a gayyata ba. Inda mota ta samu shiga, masu gawayi da masu yankan katako na biye da ita. Itatuwan da ke jikin tudu su ne ke rage wa ruwa gudu, saiwoyinsu ke riƙe ƙasa. In aka sare su, ruwan da zai sauko kan hanyar ya ƙaru, yashin da zai cushe kwalbati ya ninka. Hakimi ko dagacin da ya sa hannu aka aske gangaren da ke saman titi, ya sani da hannunsa a karyewar titin.

Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, zai iya taɓa wannan lamari in an aiwatar da shi da gaske, domin shugaban ƙaramar hukuma ba zai ƙara fakewa da asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi ba. Sai dai ba sai an jira wannan ba. Gwamnatin jiha na iya fitar da jerin hanyoyinta a fili, kowa ya san wannan ta jiha ce, waccan ta ƙaramar hukuma, don a daina jifan juna da alhaki. Tana iya ware wa kulawa kaso tsayayye a kasafin kuɗi wanda ba a taɓa shi don sabon aiki. Samarin nan da ke dakon buhu a bakin kwazazzabo su ya kamata a ɗauka, a raba musu hanyar yanki-yanki, a ba su shebur da baro da albashin wata ta asusun banki, a kafa allo da sunan ƙungiyar da ke riƙe da kowane yanki. Kuɗin yashe magudana kuma ya fita a watan Fabrairu ko Maris, kafin ruwan farko, ba a watan Satumba ba lokacin da kwamishina zai zo jaje. Ƙungiyoyin ci gaban al'umma na yankin, da 'yan majalisar jiha masu wakiltar Kauru da Lere da Kaura da Sanga, su ne ya kamata su tsaya a kan wannan layi na kasafin kuɗi tun yana gaban kwamiti, su tambayi nawa aka sa, nawa aka saki, kuma kwalbati nawa aka yashe a bara.